Kunya a Gaban Makirfo

Ina da shekara goma sha tara lokacin da na yanke wa kaina hukuncin cewa muryata ta fi ƙarfin tsakar gidanmu. Ba wanda ya faɗa mini. Ni na gano da kaina wata ranar Alhamis, ina zaune a kan kujera 'yar tsugunno a gidanmu na Yalwawa, ina karanta wa mata littafin soyayya suna ɓarar gyaɗa.

A lokacin haya ake ba da littattafan nan a wani ɗan shago kusa da kasuwa, ki karɓa yau ki mayar jibi, bangonsu duk ya yi laushi saboda yawan hannaye. Ni ce mai karatun gidan. In na zo wurin saurayi sai in yi ƙasa da murya, in na zo wurin uwar yarinya in tsuke ta, in kuwa na zo wurin budurwar, nan nake sakin jiki gaba ɗaya. Ranar na kai inda aka raba masoya, na ɗaga kai sai na ga Gwaggo, yayar Baba, wadda ko a gidan rasuwa ba a cika ganin hawayenta ba, tana share ido da gefen zani. Ta ce hayaƙi ne. Ko wuta ba a hura ba tukuna.

Bayan 'yan kwanaki aka yi sanarwa a rediyo. Wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke naɗar shirinta a nan Dutse tana kai wa gidan rediyo, tana neman budurwa mai murya, domin wadda take fito musu a matsayin tauraruwa ta yi aure an kai ta Miga. Ina wanke-wanke na ji. Na tsaya da kwano a hannu har kumfar ta bushe. Ban yi tunanin ko zan samu ba. Tunanina shi ne wane irin murmushi zan riƙa yi wa mutane idan suka gane ni a gidan biki.

Matsalar ɗaya ce, Baba. Shekarar da aka fara shari'a ce, kowa yana taka-tsantsan, hijabai sun ƙara tsawo, kuma a majalisar ƙofar gidanmu an sha yin gardama a kan ko ya halatta a ji muryar mace a waje. Ni ban iya tunkararsa ba. Gwaggo na kai wa kuka, ita kuma ta bari sai da ya ci tuwo ya wanke hannu sannan ta zauna kusa da tabarmarsa.

“Yarinyar nan dai murya gare ta,” in ji ta. “Kuma ba wanda zai ga ko ɗan yatsanta. A cikin akwatin rediyo za ta yi maganarta ta dawo gida.”

“Yaya, kin san lokacin da muke ciki.”

“Na sani. Na kuma san lokacin da nake goya ka kana yi mini fitsari a baya. Ka bar ta ta gwada.”

Baba ya kira ni, na durƙusa daga nesa.

“Sau ɗaya,” ya ce. “Ki je tare da gwaggonki. In sun ɗauke ki, na yarda. In ba su ɗauke ki ba, kada in sake jin zancen nan a gidan nan har abada.”

Na ce to. Na shiga ɗaki na cusa fuska a filo na yi ta shure-shure kamar an ba ni kyautar garin.

Kwana huɗu na yi ina shiri, kuma duk a gaban madubi na yi su. Na san budurwar littafi ciki da waje. Na san idan saurayi ya yi mata magana, sunkuyar da kai take yi a hankali. Na san tana wasa da zoben hannunta, tana yin fari da ido, tana rufe fuska da tafukanta, wani lokaci ma hawaye ya gangaro ba tare da ta ce uffan ba. Na koyi sunkuyar da kai iri uku. Na koyi zubo da hawaye daga ido ɗaya, na hagu, in na daɗe ban ƙifta ba. Na ari zoben azurfa wurin yayata, wadda muke kwana ɗaki ɗaya, ita kuwa tana kallona daga kan gado tana cewa, “Allah ya shirye ki.”

Akwai kuma wanda ke fitowa a matsayin saurayi a shirin. Shekara biyu ina jin muryarsa, murya mai zurfi da sanyi kamar ruwan randa. Na riga na gama ƙera shi a raina: dogo, wankan tarwaɗa, farar shadda, saje siriri, mota mai ƙamshi. Ba wai na ce zai aure ni ba. Amma na tanadi abin da zan ce in ya tambaya.

Ranar Talata da hantsi muka tafi, na sha kwalli da jan lalle, Gwaggo tana gaba da lema. Wurin wani ɗaki ne a bayan wani gida a gindin duwatsu. An manne bangonsa da kwalayen ƙwai tun daga ƙasa har rufi, an toshe tagar da tsohuwar katifa. Makirfo ɗaya ne, rataye a tsakiya, an sa masa safa. A gefe akwai faranti cike da yashi don ƙarar tafiya, da wata ƙaramar ƙofa a jikin katako wadda ba ta kai ko'ina, aikinta kawai a buɗe ta a rufe. Ɗakin yana warin zafi da goro. Ni kuwa ji na yi kamar na shiga fadar aljanu.

'Yan mata uku na tarar, su ma sun zo gwaji. Muka gaisa da haƙora, kowace tana auna 'yar'uwarta.

Mai shirya wasan tsohon hedimasta ne, siriri, kowa Malam yake ce masa. Shi ke rubuta labarin da hannunsa, a kwafa da takardar kabon a raba. Yana da wata ɗabi'a da ban fahimce ta ba a ranar. Da zarar za a fara, sai ya ɗauki kujerarsa ya juya ta, ya fuskanci bango, ya ba 'yan wasa baya. Na ɗauka tsoron Allah ne, ba ya son kallon mata. Har na ƙara ganin girmansa.

Muna jira sai ga wani gajeren mutum mai sanƙo ya jingina keke a ƙofa, ƙafar wandonsa cushe cikin safa, haƙoransa ja wur da goro. A ƙalla ya yi sa'an Baba. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo.

“Hajiya, ya tunkiyar nan? Tarin ya tsaya?”

“Ya tsaya, ɗan albarka. Allurar ta yi aiki.”

Ashe ma'aikacin allurar dabbobi ne, ya taɓa zuwa gidanmu ina makaranta. Amma ba maganar tunkiyar ce ta dame ni ba. Muryar ce. Ita ce, sak. Ruwan randar nan nawa na shekara biyu, ga shi yana fitowa daga bakin mai allurar tumaki. Na kalli sanƙon, na kalli keken, na yi wa farar shadda da mota mai ƙamshi addu'ar rahama a zuciyata. Sannan na lallashi kaina da cewa ba komai, ai ni zan wadatar da kyawun wasan ni kaɗai.

Ni ce ta ƙarshe. Aka miƙo mini takarda. Wurin gajere ne. Saurayi ya zo zance, zai ce, “Na zo ne in ji amsar maganar da na faɗa miki.” A ƙasa an rubuta “cikin kunya”, sannan amsar budurwa, kalma uku kacal: “Ai ka sani.”

Na kusa yin dariya don murna. Kamar don ni aka rubuta.

Malam ya juya kujerarsa. Aka danna na'ura, kaset ya fara juyawa. Mai allura ya tofar da goro a gwangwani, ya matso kusa da makirfo, ya rufe ido ya faɗi nasa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Sai na fara. Na sunkuyar da kai irin na biyu, wanda ya fi jinkiri. Na murza zoben sau uku. Na ɗago ido kaɗan na yi fari, na mayar. Na kai tafin hannu na rufe rabin fuska. Ina jin idon hagu yana cika, na ce a raina yau za su ga abin da ba su taɓa gani ba. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kaset yana juyawa. Na tabbata mamaki ne ya kashe su.

“An ɗauke wuta ne?” in ji Malam, yana fuskantar bango.

“Akwai wuta, Malam,” in ji mai allura.

“Yarinyar ta fita?”

“Tana nan.”

“Me take yi?”

Mai allura ya dube ni sama da ƙasa. “Kunya take ji, Malam.”

“To in ta gama a sanar da ni.”

'Yan matan nan uku suka tuntsure da dariya, har da mai riƙe ciki. Hawayen da na tanada ya zubo, amma ba ta hanyar da na tsara ba, kuma daga ido biyu.

Aka mayar da kaset baya. A karo na biyu na faɗi kalmomin, amma kaina yana ƙasa, bakina cikin hijabi, makirfon yana can sama bai san ana yi ba. A karo na uku na ɗaga kai na faɗe su da ƙarfi, tiryan-tiryan, kamar mai sanarwar ɓatan akuya.

Malam ya sa aka kashe na'ura, ya juyo da kujerarsa.

“'Yata, zo nan. Kin san wa nake yi wa wasan nan? Wani manomi ne a Aujara, ya rataye rediyonsa a reshen bishiya yana noma. Bai san kin sa kwalli ba. In kika yi shiru, zai ɗauka batir ne ya ƙare, ya ajiye fartanya ya je ya yi ta dukan rediyon. Shi ya sa nake juya baya, don in zama shi. An ce mini kunyarki kyakkyawa ce. Ni ban ji ta ba.”

Ya dubi sauran ya ce su ma ba wadda ta gamsar da shi. Ɗaya karatu take yi, ɗaya waƙa, ɗaya kuma kamar tana rigima da saurayin. Duk mu dawo ranar Asabar, a ranar zai zaɓa.

A hanya na yi ta sharɓe hanci a ƙarƙashin lemar Gwaggo.

“Shi ke nan, Gwaggo. Sau ɗaya Baba ya ce.”

“Ai sau ɗayan bai ƙare ba. Hutun rabin lokaci aka tafi. Ke dai rufe mini baki, ki goge kwallin nan, kin zama kamar mage.”

Haka ta faɗa wa Baba, ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Ya kalle ta ta saman tabarau, ya san an yi masa dabara, amma yayarsa ce.

“Asabar ce ta ƙarshe,” ya ce.

Na koma wa littattafaina kamar mai neman magani. Na buɗe guda biyar na bi duk inda budurwa ta ji kunya. Ta sunkuyar da kai. Ta rufe fuska. Ta ruga cikin gida. Ta yi murmushi mai sanyi. Babu ko ɗaya da ta yi abin da kunne zai kama. Shekara shida ina karanta su da ƙarfi, ban taɓa lura cewa ni ce nake faɗa wa mata “ta sunkuyar da kai” ba. A rediyo kuwa ba mai faɗa. Na ji haushinsu ƙwarai, kamar ƙawayen da suka rako ni har bakin kogi suka koma. Laraba da Alhamis na yi ta cewa “ai ka sani” a banɗaki, a madafa, a bakin rijiya, har Inna, mahaifiyarmu, ta ce in ban daina ba za ta sa a yi mini rubutun sha.

Ranar Juma'a saurayin yayata ya zo. Malamin firamare ne daga Aujara, mai haƙuri, duk sati yake zuwa a kan keke. Tun da aka fara shari'a zancen ya koma bayan la'asar, a zaure, ƙofa a buɗe, ita a wannan kusurwa shi a waccan. Ban taɓa damuwa da zancensu ba. A ganina ba soyayya ba ce, tunda ba wasiƙa mai turare, ba suma, ba wanda ya taɓa rantsuwar zai mutu. Ita kuma Yaya, a cikin gida in ta daka tsawa har kajin maƙwabta sai sun watse. Ban ga ta inda kunya za ta shige ta ba.

Amma ranar na ga ta wuce da kofin ruwa, tafiyarta ta canja, sai wani abu ya faɗo mini. Na zagaya bayan zauren, wurin da ake ɗaure tumaki, inda akwai wata 'yar kafa a saman bango. Na jingina goshi da bangon, na rufe ido. Na zama manomin Aujara.

Da farko gaisuwa ce, ya hanya, ya mutan gida, ya yara a makaranta. Sai ya gyara murya.

“Na yi magana da Baffa. Ranar Lahadi manya za su zo.”

Na riƙe numfashi. A littafi, nan ne za a yi shiru.

Ba a yi ba. Na ji silifas ɗinta yana gogar ƙasa, shaa, shaa, kamar mai share wani abu da ƙafa. Na ji wata iska ta fito ta hancinta, dariyar da aka haɗiye ba ta gama wucewa ba. Sannan wata murya da ban taɓa ji a gidanmu ba, 'yar ƙarama, mai rawa a ƙarshe, ta ce:

“Tayar kekenka ta baya ba iska.”

“Kin ji abin da na ce kuwa?”

“Na ji mana. Ai ba kurma ba ce ni.”

“To me kika ce?”

Silifas ya sake gogar ƙasa. “Ka sha ruwanka, ƙuda zai faɗa.”

Ban ga fuskarta ba, amma na rantse na san kanta yana ƙasa, na san tana murmushi, na ma san gefen da ta juya. Duk ta kunne suka shigo. Wani daɗi ya taso mini tun daga tafin ƙafa, na danne baki da hannu biyu ina tsalle a wuri ɗaya a tsakiyar kashin tumaki. Ina cikin haka ban ji sallamarsu ba. Sai dai na ji an kama kunnena an murɗa.

“Munafuka. Me kike yi a nan?”

“Wayyo Yaya, aiki nake yi.”

“Aikin laɓe? Bari in kira Inna.”

“Don Allah tsaya. Yaya, me ya sa kika ce masa tayarsa ba iska?”

Ta saki kunnen. “Ni na ce haka?”

“Ke kika ce. Ya ce manya za su zo, kika ce taya.”

“To ai ba iskar,” ta ce, tana kallon gefe. Sai ga 'yar dariyar hancin nan ta sake fitowa. Ta zauna a kan bakin kwamin tumaki, ta ja mayafi. “Ke ba ki san komai ba, sai littafi. In ya yi irin maganar nan, ji nake kamar an kunna mini fitila a fuska. Bakina sai ya nemi wurin gudu. Duk abin da idona ya faɗa a kai, shi nake faɗa. Ran nan ce masa na yi ƙadangare ya shiga buta.”

“Shi kuma ya gane?”

“In bai gane ba zai yi ta tuƙo keke daga Aujara?”

Na rungume ta, ta ture ni ta ce ina warin tumaki. Na roƙi aron silifas ɗinta, don nawa na roba ne mai laushi, ba ya ƙara. Ta ba ni, da sharaɗin in ta ji zancen taya a rediyo, sai ta aske mini kai ina barci.

Ranar Asabar ban sa kwalli ba, na bar zoben a gida. Biyu daga cikin 'yan matan ne suka dawo. Ta farko ta iya sosai. Ta sassauta murya ta faɗi kalmomin a hankali, Malam ya gyaɗa wa bango kai. Na san idan na yi irin nata, ita za a ɗauka, don muryarta ta fi tawa zaƙi.

Akwai kuma abin da kowa a ɗakin ya sani: ba a taɓa rubutun Malam. An ce ya taɓa sallamar wani saboda ya ƙara “wallahi” inda babu. Na tsaya gaban makirfo, takarda a hannuna, ina jin Gwaggo a bayana tana jan carbi da sauri.

Kaset ya fara juyawa. Mai allura ya rufe ido.

“Na zo ne in ji amsar maganar da na faɗa miki.”

Na goga silifas a ƙasa, sau biyu. Na bar dariyar ta taso, na tare ta a hanci. Na ɗaga ido ina neman wurin gudu, sai ya faɗa a kan hularsa, wadda ta zame gefe ɗaya a kan sanƙon.

“Hular nan taka ta karkace,” na ce, da 'yar ƙaramar murya.

Ya buɗe ido. Na ga ya dubi takardarsa, ya dubi bayan Malam. Na ce shi ke nan, na kashe kaina. Amma tsohon ɗan wasa ne. Sai ya matso, muryar ta ƙara sanyi.

“Kin ji abin da na ce kuwa?”

“Na ji mana.”

“To?”

Na ja numfashi kusa da makirfon, yadda zai kama. “Ai ka sani.”

Aka kashe na'ura. Carbin Gwaggo ma ya tsaya.

“Wa ya rubuta zancen hula?” in ji Malam.

“Ni ce, Malam.”

“A takardata?”

“A'a, Malam. A bakina kawai.”

“Mayar mini da shi baya.”

Aka mayar, aka kunna. A ranar na fara jin muryata daga waje. Na ɗauka zan ji sarauniya. Sai na ji wata yarinya 'yar siririyar murya, mai ɗan shaƙewa a hanci, kamar wadda aka aiko sayen daddawa. Na so ƙasa ta tsage. Amma da ta zo wurin hular, na ji yarinyar nan tana son mutumin nan, tana kuma neman inda za ta ɓuya, sai na kamu da sonta nan take. Ban taɓa son kowa a littafi kamar yadda na so ta ba.

Sau uku Malam ya sa aka maimaita. Sannan ya miƙo hannu ta baya, aka sa masa takardar. Ya ciro biro daga aljihu, ya daɗe yana rubutu a gefenta.

“Litinin, ƙarfe tara,” ya ce. “Ki zo da takalman nan. Kuma daga yau ko ɗigo za ki ƙara mini, ki tambaye ni tukuna. Kai kuma gyara hularka, tun ɗazu nake jin ta a karkace.”

Ban san yadda na fita daga ɗakin ba. Na san dai na gaida mai allura har ƙasa, na ce masa Baba, ya ce in gaida tunkiya. A hanya duk wanda muka gamu da shi sai na gaishe shi, mai rake, mai faci, wata tsohuwa da ban sani ba har sau biyu. Duwatsun Dutse da na saba gani kullum sai na ga kamar an wanke su. Na karɓe lemar daga hannun Gwaggo ina juya ta, ta ce in ban nutsu ba za ta koma ta ce wa Malam ina da taɓin hankali.

Mun tarar da Baba a zaure yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa, bakina ya ƙi rufuwa.

“Sun ɗauke ta,” in ji Gwaggo. “Cikin 'yan mata huɗu.”

Bai ɗago ba sai da ya gama ƙulla igiyar, ya ja ta ya ga ta yi ƙarfi.

“Na yi alkawari,” ya ce. “Allah ya sa albarka. Gwaggonki za ta riƙa raka ki, kuma la'asar ta same ki a gida.”

“To, Baba. Na gode, Baba.”

Na miƙe zan shige, sai ya ce, “Wace rana ake sakawa?”

“Laraba, Baba. Ƙarfe biyar.”

“Ni ba na jin wasan kwaikwayo,” ya ce. “Tambaya kawai na yi.” Ya ɗauki gugan ya juya shi, ya leƙa cikinsa. “Biyar daidai, ko da rabi?”